DOGON ƘARFE KO RUWA-BIYU: WACE SANDA TA DACE DA ƊAN KOYO A KADUNA?



Na san tun daga ganin kan maganar wasu za su taɓe baki, su ce me ya haɗa ɗan makaranta da wasan golf, wanda 'yan jarida ke kira ƙwallon lambu, alhali kowa ya san wasa ne na masu hannu da shuni? To, a yi mini haƙuri kaɗan. Filin wasan nan a cikin garinmu yake, arewa da kogi, a bakin titin da ake kira Golf Course Road, kuma an kafa kulob ɗin tun cikin 1921, watau 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun dawo da hedkwatar Jihar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Yawancinmu mun sha wucewa ta gefensa a kan keke ko a cikin mota. Akwai kuma waɗanda suke shiga ciki lokacin hutu, wasu tare da iyayensu, wasu kuwa su ɗaukar wa manya jaka su sami na sabulu. Da yawa daga cikin gwanayen wasan a ƙasar nan da ɗaukar jaka suka fara. Ni ma jakar Kawuna nake ɗauka, a nan na koyi ɗan abin da zan faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abokina da muke unguwa ɗaya. Mahaifinsa ya ga yana sha'awar wasan, ya daure ya saya masa jakar sanduna ta gwanjo. A cikinta akwai ƙarafa tun daga na 2 har zuwa na 9, duk suna ƙyalli. Wani dattijo da ke wasa tare da Kawu ya duba jakar, ya ce masa, "Yaro, cire na 2 da na 3 ɗin nan ka ajiye a gida, ga wannan ka riƙe aro," ya miƙa masa wata sanda mai ɗan dunƙulallen kai. Abokina ya durƙusa ya yi godiya, amma da muka keɓe sai ya ce da ni shi ba zai riƙe sandar tsofaffi ba, dariya za a yi masa. Ya yi ta fama da ƙarfe na 3 har hutu ya ƙare. In ya buga, ko dai ƙwallon ta bi ƙasa kamar ɓera, ko ta karkace dama ta faɗa cikin ciyawa mu yi ta nema, ko kuma ya tono ƙasa ƙwallon tana nan zaune tana kallonsa. Yanzu jakar tana bayan ƙyaure a ɗakinsa, ƙura ta rufe ta, in an yi masa maganar golf sai ya ce wasan banza ne. Kuɗin mahaifinsa ya tafi, sha'awarsa ta tafi, ni kuma na rasa abokin tafiya.

Kafin in ci gaba, bari in yi wa waɗanda ba su taɓa riƙe sandar ba bayani. Dokar wasan ba ta yarda mutum ya ɗauki sanduna fiye da 14 a jakarsa ba. An kafa wannan doka a Amurka cikin 1938, a Ingila kuma cikin 1939, domin kafin nan wasu gwanaye sukan loda wa mai ɗaukar jaka sanduna ashirin da wani abu, har talatin. (Duk wanda ya taɓa zagaya ramuka 18 da jaka a kafaɗa cikin zafin watan Maris zai yi wa waɗanda suka kafa dokar nan fatan alheri.) Tun da wuri 14 ne kaɗai, duk sandar da ka saka, wata ka hana wuri. Shi ya sa maganar zaɓi ta taso.

Sandunan da ake kira ƙarafa suna da kai fale-fale na ƙarfe, da lamba a gindinsa. Mai babbar lamba, kamar na 8 ko na 9, gajere ne, fuskarsa a kishingiɗe take sosai, saboda haka yana cilla ƙwallo sama ta sauka kusa. Mai ƙaramar lamba, watau na 1 zuwa na 4, su ne dogayen ƙarafa. Ƙotarsu ta fi tsawo, fuskarsu kuma kusan a tsaye take. Kwanciyar fuskar ƙarfe na 3 ba ta wuce digiri 20 ko kusa da haka ba, na 9 kuwa yakan kai digiri 40 ko fiye. Ita kuma sandar da dattijon nan ya ba abokina, Turawa suna ce mata haibirid, ni kuwa ruwa-biyu nake kiranta, don ta ɗauko tsawo da amfanin dogon ƙarfe, ta kuma ɗauko siffar kan manyan sandunan da a da ake sassaƙawa da katako. Tun cikin 1975 kamfanin Cobra ya fito da wata mai suna Baffler wadda ta share mata hanya, amma ba ta bazu ba sai bayan kamfanin TaylorMade ya fito da tasa mai suna Rescue cikin 1999. Ma'anar sunan kuwa ita ce ceto.

Ra'ayina shi ne, duk ɗan koyo a garin nan, musamman mu da ƙashinmu bai gama ƙwari ba, ya kamata ya ajiye ƙarfe na 2 da na 3 ya ɗauki ruwa-biyu, ba tare da jin kunyar kowa ba. Amma kada ya rabu da na 4, domin akwai ranarsa. Ga dalilaina.

Ƙwallo ba ta tashi sama sai da abu biyu, kwanciyar fuskar sanda da saurin da kan sandar ya zo da shi. In fuskar a tsaye take, kamar ta dogon ƙarfe, to sai sauri ya cike gurbin. Ƙato mai ƙarfin damtse wanda ya shekara goma yana wasa yana da wannan sauri. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ba shi da shi, haka ma dattijon da ya ba sittin baya. Abin da ke faruwa kuwa abin dariya ne: sai ka ga yaro ya buga na 5 ƙwallon ta je wani wuri, ya buga na 4 ta je wurin nan dai, ya buga na 3 ta kasa ma isa can, saboda ba ta daɗe a sama ba ta faɗo. Ke nan yana ɗauke da sanduna uku masu aiki ɗaya, ga nauyi a banza. Na gwada wannan da kaina a wurin gwaji, na buga ƙwallo goma-goma da kowace, Kawu yana tsaye yana kallo, kuma bai iya musa abin da idonsa ya gani ba.

Har ila yau, a fuskar dogon ƙarfe wurin da in ƙwallo ta dace da shi take tafiya sumul ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. Ka kuskure shi da faɗin yatsa ɗaya, sai sandar ta murɗe a hannunka, ka ji zafi har gwiwar hannu, musamman da sanyin safiya. Ruwa-biyu kuwa cikin kanta rami ne, an tura nauyin ƙasa da baya, nesa da fuskar. Wannan shi ke sa ta ɗaga ƙwallo ko da saurinka bai kai ba, ta kuma yafe maka in ka ɗan kuskure tsakiya. Gindinta mai faɗi ne, yana zamewa a kan ciyawa maimakon ya nitse cikin ƙasa kamar fartanya.

To, yanzu mu zo ga abin da ya shafe mu mu 'yan Kaduna, wanda littattafan Turawa ba za su gaya mana ba. Ɗan makaranta hutu biyu yake da su masu tsawon da zai yi wasa sosai, dogon hutu na tsakiyar damina da hutun ƙarshen shekara na hunturu. Filin da ka taka cikin watan Agusta ba shi ne za ka taka cikin Disamba ba, ko da yake ramukan suna nan inda suke.

Cikin Agusta ruwa yake kusan kullum. Ciyawa ta yi tsawo ta yi kauri, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, ƙwallo inda ta faɗi nan take tsayawa, wani lokaci ma har ta ɗan nitse. A irin wannan lokaci duk nisan da kake so sai ka same shi a sama, don ƙasa ba za ta ƙara maka ko taku biyar ba. In kuma ƙwallonka ta shiga ciyawa mai duhu, ciyawar takan naɗe wuyan dogon ƙarfe ta juya fuskarsa kafin ya isa ga ƙwallon. Nan ne ruwa-biyu take cin sunanta na ceto. Dogon hutu kuwa shi ne lokacin da yawancinmu muke fara koyo. Wanda ya ba ɗan koyo ƙarfe na 3 cikin Agusta, kamar ya ba ɗan aji ɗaya takardar jarrabawar fita ne, sa'an nan ya yi mamaki don yaron ya tsani makaranta.

Da hunturu kuwa kiɗa ya canja, dole rawa ta canja. Ciyawa ta bushe ta yi ja, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, iska tana busowa daga arewa maso gabas da ƙura har ka kasa hango tuta sosai. Ƙwallon da ta tashi sama ƙwarai, in ta fuskanci iskar nan, sai ka ga ta tsaya cak a sama kamar shirwa, ta faɗo ba ta kai ko'ina ba, ko iskar ta kwashe ta gefe. Wannan shi ne raunin ruwa-biyu, ba zan ɓoye shi ba. Wadda aka buga ƙasa-ƙasa da ƙarfe na 4 kuwa takan ratsa ƙarƙashin iskar, ta dira ta yi ta gudu a kan busasshiyar ƙasa. A lokacin nan ko bugun da ya ɗan ɓaci yakan yi nisa. Haka kuma in ƙwallo ta shige ƙarƙashin bishiya, kana son ta fito ba ta taɓa rassa ba, babu kamar dogon ƙarfe. Shi ya sa na ce a bar guda ɗaya a jaka.

Wannan ba hikimata ba ce. Cikin Yuli na 2006 an yi babbar gasar Birtaniya a filin Hoylake, kusa da birnin Libaful, a shekarar da zafi ya ƙone ciyawar filin ta yi ja kamar tamu ta Disamba. Tiger Woods ya duba ƙasar, ya ajiye babbar sandarsa ta bugun farko, sau ɗaya tak ya taɓa ta cikin ramuka 72. Da dogayen ƙarafa ya yi ta korar ƙwallo ƙasa-ƙasa tana gudu, yana kauce wa ramukan yashi, har ya ci gasar da ratar bugu biyu. Ƙasa ya karanta, sa'an nan ya zaɓi sanda.

Kawu yana son labarin nan ƙwarai, kuma da shi yake kafa mini hujja. Shi mutumin da ne, da dogon ƙarfe ya koya, kuma har gobe yana alfahari da wani tsohon na 2 da ya ce ya girme ni. Abin da yake cewa shi ne, "Kai yaro, wanda ya iya ƙarfe na 3 ya iya kowace sanda. Waccan abar kuwa ɓoye maka kuskurenka take yi, kamar malamin da ke ba ka maki ba ka ci ba." Yakan kuma kawo labarin Ben Hogan, wanda mota ta kusa hallaka shi cikin 1949, amma bayan wata 16 ya tsaya a rami na ƙarshe na babbar gasar Amurka ta 1950 a filin Merion, ƙafafunsa a naɗe da bandeji, ya zaro ƙarfe na 1 ya aika da ƙwallo har kan dandalin rami, washegari ya cinye gasar. Da Jack Nicklaus, wanda cikin 1972 ya buga ƙarfe na 1 cikin iska a rami na 17 a Pebble Beach ƙwallon ta bugi sandar tuta.

Ban raina maganar Kawu ba, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Akwai gaskiya a cikinta. Dogon ƙarfe ba ya yi wa kowa ƙarya, in bugunka ya karkace nan take zai gaya maka. Amma da girmamawa nake cewa, wurin malami mai tsanani shi ne aji. A kai shi wurin gwaji a yi ta fama da shi da yamma, ya gyara wa mutum hannu. Ranar da ake ƙidayar bugu kuwa, ana rubutawa a kati, ba a tambayar da wace sanda ka buga, sau nawa ka buga kawai ake tambaya. Sa'an nan su Hogan da Nicklaus ba don son wahala suka riƙe ƙarfe na 1 ba, a zamaninsu babu abin da ya fi shi yin wannan aiki. Akwai kuma abin da Kawu ba ya son a tuna masa. Masu ƙera sanduna sun yi ta miƙar da fuskokin ƙarafa a hankali cikin shekarun nan, don mai saye ya ga ƙwallonsa ta ƙara nisa ya ji daɗi. Saboda haka na 4 na yanzu ya yi kusa da na 3 na zamanin samartakarsa. Yaron da ke riƙe da na 4 sabon yayi, ashe yana riƙe da dogon ƙarfen da Kawu yake so ya riƙe.

Amma maganar da ta fi ci mini rai ita ce ta "sandar tsofaffi", domin ita ce ta raba abokina da wasan. Ga amsa. Cikin 2004 wani Ba'amurke da ba a san shi sosai ba, Todd Hamilton, ya ci babbar gasar Birtaniya a filin Troon na ƙasar Sikotilan, bayan ya yi kunnen doki da Ernie Els an ƙara musu ramuka huɗu. Duk makon nan da ruwa-biyu yake gangaro da ƙwallo daga bakin dandali, kuma da ita ya gangaro ta dab da rami a bugun da ya yanke hukunci. Cikin 2009 kuma, a filin Hazeltine na Amurka, Tiger Woods ɗin nan dai ya shiga ranar ƙarshe ta wata babbar gasa yana kan gaba. Kafin ran nan, sau 14 yana shiga ranar ƙarshe ta manyan gasa a gaba, bai taɓa faɗuwa ba. Wani ɗan Koriya ta Kudu, Y. E. Yang, ya sha gabansa. A rami na 18, daga nisan yadi 200 da 'yan kai, ga bishiya ta tare masa hanya, Yang ya zaro ruwa-biyu ya ɗaga ƙwallon ta haye bishiyar ta sauka kusa da tuta ta tsaya. Shi ne namiji na farko haifaffen nahiyar Asiya da ya ci ɗaya daga manyan gasa huɗu na duniya. In sandar da ta kayar da Tiger Woods ta tsofaffi ce, to ni a ba ni ita. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma a wasan nan ƙidaya shi ake yi bugu-bugu.

Yanzu ga iyayenmu, Allah ya ƙara muku arziki, tun da ku ne masu biya. Na san sandunan nan daga waje ake kawo su, kuma da yadda canjin kuɗi ya koma, sabuwa ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Jakar gwanjo cike da ƙarafa takan yi kama da garaɓasa, ga yawa ga sauƙin kuɗi. Amma sau da yawa dalilin da ya sa na 2 da na 3 na cikinta suke ƙyalli kamar sababbi shi ne mai su na farko ma ya kasa buga su. Ku duba gindin sandunan, za ku ga na 7 ya goge, na 3 kuwa ko ƙwarzane babu. Araha ba ta ado. Ɗan koyo ba ya bukatar sanduna 14. Guda bakwai ko takwas sun ishe shi shekara biyu, in dai akwai ruwa-biyu ɗaya a ciki.

In za a saya, kada a dogara da lambar da ke jikinta, don lambar wannan kamfani ba ta daidaita da ta wancan. A duba digirin da aka rubuta a gindinta. Mai 21 zuwa 24 ita ce za ta yi wa yaro aiki. A duba ƙotar da kyau, musamman kusa da wuya, domin irin baƙar ƙota marar nauyi da ake sa wa ruwa-biyu in ta tsage ba ta gyaruwa. Kada kuma a ɗauko sandar da aka yi wa ƙato a yanke ta da zarto don ta yi daidai da yaro, yankewa yana ƙara mata tauri, sai wahalar ta ninku. Abu mafi kyau shi ne a tafi da yaron wurin mai koyarwa, ko a nemi shawarar tsofaffin masu ɗaukar jaka, waɗanda suka ga bugu dubu-dubu, a bar shi ya gwada kafin a ba da kuɗi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wani gargaɗi ɗaya ga 'yan'uwana. Ruwa-biyu tana da halin jan ƙwallo hagu a hannun mai bugu da dama, kuma yawanci laifin namu ne, saboda muna ganin kanta dunƙule sai mu yi ƙoƙarin kwasar ƙwallon daga ƙasa kamar da ludayi. Ba haka ake yi ba. A buge ta kamar yadda ake buga ƙarfe na 6, kan sandar yana gangarowa ya sami ƙwallo tukuna sa'an nan ya shafi ciyawa. Ɗagawar aikin sandar ne, an riga an gina shi a cikinta.

Makon jiya na je gidan abokina na karɓo sandar aron nan, don in mayar wa mai ita. Dattijon ya ƙi karɓa, ya ce in gaya masa tana jiransa har hutun Disamba. Kawu kuwa har yanzu bai sauka daga ra'ayinsa ba. Sai dai ran Asabar da ta wuce, bayan ruwan dare, ƙwallonsa ta faɗa cikin ciyawa mai kauri, ga sauran tafiya mai nisa. Na miƙa masa tsohon na 2 ɗinsa da gangan. Ya dube shi, ya dubi ciyawar, ya waiwaya ko abokan wasansa suna kallo, sa'an nan ya ce da ni a hankali, "Kai, miƙo mini waccan abar taku."